Vito Volterra

Vito Volterra (3 ga Mayu, 1860 – 11 ga Oktoba, 1940) masanin lissafi da fiziks ne ɗan ƙasar Italiya. Yana cikin waɗanda suka kafa reshen lissafin da ke nazarin fankshinal, kuma sunansa na kan abubuwa da dama da ake koyarwa a jami'o'i har yau, irin su jerin Volterra, lissafin tarawa na Volterra da lissafin Lotka da Volterra na mafarauci da abin farauta. Jerin da ya samar a 1887 shi ne ginshiƙin hanyoyin da injiniyoyi da masu binciken lafiya suke bi wajen gano halin tsarin da ba ya bin miƙaƙƙen layi, wato na'ura ko gaɓar jiki wadda amsarta ba ta tafiya daidai da girman abin da aka saka mata. Ya yi sanata a Italiya tun daga 1905, kuma yana cikin farfesoshi 12 da suka ƙi yin rantsuwar biyayya ga gwamnatin Benito Mussolini a 1931, abin da ya raba shi da kujerarsa ta jami'a.

Farkon rayuwa

An haifi Volterra a Ancona, wani gari mai tashar jiragen ruwa a gaɓar tekun Adiriyatik, a gidan Yahudawa marasa hali. A lokacin garin yana ƙarƙashin mulkin Paparoma, sai dai 'yan watanni bayan haihuwarsa aka haɗe shi da sabuwar masarautar Italiya. Mahaifinsa, Abramo Volterra, ɗan kasuwar yadi ne, kuma ya rasu Vito yana da kimanin shekara biyu. Mahaifiyarsa, Angelica Almagià, ta koma da shi wurin ɗan'uwanta Alfonso, ma'aikacin banki, wanda ya riƙe su. Sun zauna a Turin na wani lokaci, daga baya suka koma Florence, inda ya yi yawancin ƙuruciyarsa.

Tun yana ɗan shekara 11 ya fara karanta littattafan lissafi na manya da kansa. Da ya kai shekara 13, bayan ya karanta labarin Jules Verne na tafiya daga duniya zuwa wata, sai ya ɗauki aniyar lissafa hanyar da harsashi zai bi idan duniya da wata suna jansa a lokaci guda. Dabarar da ya yi ita ce ya daddatsa lokaci zuwa gajerun zango, ya ɗauka cewa a cikin kowane zango ƙarfin jan bai canza ba, sannan ya harhaɗa sakamakon. Wannan tunani na daddatsa abu zuwa ƙananan gutsattsari, a warware kowanne, sannan a bar yawan gutsattsarin ya ƙaru ba iyaka, shi ne ya yi ta maimaitawa a manyan ayyukansa na baya.

Saboda halin rashi, danginsa sun so ya bar makaranta ya kama aikin banki. Mutum biyu ne suka hana haka. Na farko wani ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, injiniya Edoardo Almagià, wanda aka kira don ya lallashe shi, amma da ya gwada shi a lissafi sai ya koma yana goyon bayan a bar shi ya ci gaba da karatu. Na biyu kuwa malaminsa na fiziks ne, Antonio Roiti, wanda ya ba shi aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje tun bai gama makaranta ba, domin ya riƙa samun ɗan abin kashewa.

Karatu da fara koyarwa

Volterra ya yi karatun jami'a a Pisa, inda ya ci jarrabawar shiga makarantar Scuola Normale Superiore. A can ya yi karatu a hannun Ulisse Dini da Enrico Betti, manyan malaman lissafi na Italiya a zamanin. Dini ya koya masa tsantseni wajen kafa hujja, Betti kuma ya ja shi zuwa ga lissafin da ke bayyana al'amuran fiziks. A 1881, tun yana ɗalibi, ya wallafa misalin da ya nuna cewa hanyar tarawa ta Riemann, wadda masana suka dogara da ita, tana da gurbin da ba ta cikewa. Wannan misali yana cikin dalilan da suka sa aka nemi wata hanya mafi faɗi, wadda Henri Lebesgue ya samar a farkon ƙarni na 20.

Ya kammala digirinsa na fiziks a 1882 da bincike a kan motsin ruwa. A 1883, yana da shekara 23, aka naɗa shi farfesan ilimin motsi da ƙarfi a Jami'ar Pisa. Bayan rasuwar Betti a 1892 ya koma Jami'ar Turin. A can ya yi bincike a kan ɗan karkacewar da ƙusar juyawar duniya ke yi, inda ya bayyana cewa motsin ruwan teku da na iska na iya jawo shi. Wannan batu ya haddasa muhawara mai zafi tsakaninsa da Giuseppe Peano, abokin aikinsa a jami'ar. A 1900 aka ba shi kujerar lissafin fiziks a Jami'ar Roma, wadda Eugenio Beltrami ya rasu ya bari, kuma a nan ya koyar har shekara 31.

Fankshinal da abubuwan da ke da tunawa

A lissafin da aka saba, fankshin ƙa'ida ce da ake ba ta lamba ɗaya ko 'yan lambobi, ita kuma ta fitar da lamba. A jerin maƙalun da ya fitar a 1887, Volterra ya yi nazarin wata ƙa'ida ta daban, wadda ake ba ta layi sukutum, wato dukkan ƙimomin da wani abu ya ɗauka a tsawon wani lokaci ko wata tazara, sannan ta fitar da lamba ɗaya. Misali mai sauƙi shi ne man da mota ta sha a tafiya: bai dogara da gudun motar a wani lokaci guda ba, ya dogara ne da yadda gudun ya yi ta sauyawa tun daga tashi har isowa. Volterra ya kira waɗannan ƙa'idoji fankshin na layuka. Masanin Faransa Jacques Hadamard ne ya raɗa musu sunan fankshinal, wanda ya zauna.

A 1896, yana Turin, ya wallafa hanyar warware wani nau'in lissafin daidaito wanda abin da ake nema yake cikin alamar tarawa, kuma tarawar tana farawa daga wani mafari ta tsaya a lokacin da ake ciki. Irin wannan lissafi shi ake kira da sunansa yanzu. Amfaninsa shi ne yana bayyana abin da halinsa na yanzu ya dogara da duk abin da ya same shi a baya, ban da abin da bai zo ba tukuna.

Volterra ya kira irin waɗannan al'amura masu gado. Idan aka murɗa waya aka riƙe ta na tsawon lokaci sannan aka saki, ba ta komawa yadda take nan take, kuma yadda za ta koma ya danganta da tsawon lokacin da ta yi a murɗe da kuma murɗe-murɗen da aka yi mata a baya. Haka ƙarfen da aka taɓa mayarwa maganaɗisu yake riƙe wani abu na wannan hali. Ludwig Boltzmann ya riga ya taɓo batun a 1874, amma Volterra ne ya gina masa cikakken lissafi, tare da sharaɗin cewa tasirin abin da ya daɗe da wucewa yana raguwa a hankali har ya gushe. Da wannan lissafi ake nazarin roba, filastik, kankare da tsokar jiki.

A wajajen 1905 zuwa 1907 ya kuma yi nazarin abin da ke faruwa idan aka yanka zoben ƙarfe, aka gusar da bakin yankan kaɗan, sannan aka sake liƙe shi. Ya nuna cewa ƙarfen zai ci gaba da ɗaukar matsi a cikinsa ko da babu abin da ke danna shi daga waje, ya kuma rarraba hanyoyin gusarwar gida shida. A 1934 Geoffrey Taylor, Egon Orowan da Michael Polanyi suka nuna cewa irin wannan gocewa a jerin ƙwayoyin zarra ita ce ke sa ƙarfe ya lanƙwasa maimakon ya karye.

Jerin Volterra

Ana cewa tsari yana bin miƙaƙƙen layi idan ya cika sharaɗi biyu: in an ninka abin da aka saka masa, amsarsa ta ninku daidai gwargwado, in kuma an saka masa abubuwa biyu tare, amsar ta zama jimillar amsoshin da zai bayar ga kowanne shi kaɗai. Irin wannan tsari yana da sauƙin fahimta, domin idan aka san yadda yake amsa bugu ɗaya gajere, an san yadda zai amsa komai. Sai dai yawancin abubuwa na zahiri ba sa cika sharuɗɗan sai a ɗan ƙaramin zango. Lasifika tana fara ɓata murya idan aka ƙure ta. Ƙwaya biyu ta magani ba lallai su yi ninkin aikin ƙwaya ɗaya ba. Jijiya ba ta amsa taɓawa ta biyu kamar yadda ta amsa ta farko idan sun zo kusa da juna.

Jerin Volterra hanya ce ta rubuta amsar irin wannan tsari a matsayin jimillar sassa masu hawa-hawa. Sashe na farko yana auna tasirin kowane lokaci da ya wuce shi kaɗai, kuma shi ne daidai da lissafin miƙaƙƙen layi. Sashe na biyu yana auna yadda lokuta biyu da suka wuce suke haɗuwa su yi tasirin da babu ɗayansu da zai yi shi kaɗai. Sashe na uku yana duba lokuta uku, haka dai har gaba. Kowane sashe yana da nasa jadawalin nauyi da ake kira ƙwayar tsarin. Wanda ya san ƙwayoyin zai iya hasashen amsar tsarin ga duk abin da aka saka masa, ko da bai san yadda cikinsa yake ba. Saboda haka ake kwatanta shi da jerin Taylor da ake koya a darasin kalkulas, sai dai shi wannan yana da tunawa. A 1910 Maurice Fréchet, ɗalibin Hadamard, ya tabbatar da cewa ana iya kusantar kowane fankshinal marar tsalle da irin wannan jimilla gwargwadon yadda ake so, muddin abubuwan da ake sakawa suna cikin iyaka.

Volterra bai ƙirƙiro jerin don na'urorin lantarki ba. A wurinsa lissafi ne tsantsa. Sai bayan rasuwarsa injiniyoyi suka mayar da shi kayan aiki.

Siyasa da shugabancin kimiyya

A 1905 Sarkin Italiya ya naɗa Volterra sanata na har abada, matsayin da ake ba manyan masana a lokacin. Ya yi amfani da wannan dama wajen gina cibiyoyin kimiyya, domin yana ganin ƙasar da ba ta daɗe da haɗewa ba tana bukatar kimiyya da masana'antu kafin ta tsaya da ƙafarta. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana fiziks ta Italiya a 1897, kuma shi ne jagoran kafa ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Italiya a 1907. Ya gabatar da babbar lacca a taron masana lissafi na duniya har sau huɗu, a 1900, 1908, 1920 da 1928. Ya ziyarci Amurka, inda ya yi lacca a Jami'ar Clark a 1909 da kuma bikin buɗe Cibiyar Rice a Houston a 1912. Ƙungiyar Royal Society ta Landan ta zaɓe shi mamba daga ƙasar waje a 1910.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Volterra ya goyi bayan Italiya ta shiga a ɓangaren Faransa da Birtaniya. Da ta shiga a 1915, ya ba da kansa aikin soja yana da shekara 55, aka sa shi a rundunar injiniyoyi. Ya yi aiki a kan manyan jiragen sama masu tashi da iskar gas, ya lissafa yadda za a harba igwa daga cikinsu, ya kuma ba da shawarar a riƙa cika su da iskar hiliyam maimakon haidurojin mai saurin kama wuta. A 1917 ya kafa ofishin ƙirƙire-ƙirƙire da bincike na yaƙi. Daga wannan ofishi ne aka samu tushen Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Italiya, wadda aka kafa a 1923 da shi a matsayin shugaba na farko. A shekarar ce kuma ya zama shugaban Accademia dei Lincei, tsohuwar majalisar masana ta ƙasar, har zuwa 1926. Daga 1921 har rasuwarsa shi ne shugaban kwamitin duniya na awo da ma'auni.

Lissafin mafarauci da abin farauta

Tun a laccarsa ta kama aiki a Roma Volterra ya yi magana a kan yiwuwar shigar da lissafi cikin ilimin halittu da na zamantakewa, amma sai a tsakiyar shekarun 1920 ya shiga fagen da kansa. Dalili kuwa shi ne Umberto D'Ancona, masanin halittun ruwa wanda ya auri 'yarsa Luisa. D'Ancona ya binciki bayanan kasuwannin kifi na Trieste, Fiume da Venice, ya lura cewa a shekarun yaƙi, lokacin da kamun kifi ya ragu sosai a tekun Adiriyatik, kason manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su kifin shak, ya ƙaru. A Fiume kason ya tashi daga kimanin kashi 12 cikin 100 a 1914 zuwa kimanin kashi 36 a 1918, sannan ya sauko zuwa kimanin kashi 11 a 1923. Ya tambayi surukinsa ko lissafi zai iya bayyana wannan.

Volterra ya rubuta lissafin daidaito guda biyu. Na farko yana cewa ƙananan kifaye suna hayayyafa gwargwadon yawansu, suna kuma raguwa gwargwadon yawan haɗuwarsu da mafarauta. Na biyu yana cewa mafarauta suna mutuwa idan babu abinci, suna kuma ƙaruwa gwargwadon wannan haɗuwa. Da yake yawan haɗuwar ana samunsa ne ta ninka yawan wannan da na wancan, tsarin ba ya bin miƙaƙƙen layi. Daga nan ya fitar da sakamako uku. Yawan jinsunan biyu yana hawa da sauka a zagaye, na mafarauta yana bin bayan na abin farauta. Matsakaicin yawan kowanne a tsawon zagaye bai dogara da yawan da aka fara da shi ba. Sannan idan aka riƙa kashe jinsunan biyu tare daidai gwargwado, kamar yadda masunta ke yi, matsakaicin abin farauta yana ƙaruwa, na mafarauta kuma yana raguwa. Sakamako na uku shi ne amsar tambayar D'Ancona: raguwar su ta amfani mafarauta.

Ya wallafa binciken a 1926, a Italiya da kuma mujallar Nature, ya faɗaɗa shi a wani littafi da ya fito da Faransanci a 1931. Masanin Amurka Alfred Lotka ya riga ya kai ga lissafi iri ɗaya ta wata hanya, ya kuma sa shi a littafinsa na 1925, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Masanin Rasha Georgy Gause ya gwada ra'ayin a kan ƙananan halittu a ɗakin gwaji a farkon shekarun 1930. Manoma ma sun ga gaskiyar sakamako na uku. A Kalifoniya an shawo kan wani ƙwaro mai ɓata itatuwan lemo ta hanyar kawo wata buzuzuwa mai cin sa daga Ostireliya a ƙarshen shekarun 1880. Da aka fara fesa maganin DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maganin ya kashe ƙwaron da mai cin sa tare, sai ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa.

Ƙin rantsuwa da ƙarshen rayuwa

Mussolini ya hau mulki a 1922. Volterra mai goyon bayan sarauta da tsarin majalisa ne, kuma ya tsaya a ɓangaren adawa a majalisar dattawa, musamman bayan kisan ɗan majalisa Giacomo Matteotti a 1924. A 1925 ya sa hannu a takardar masana masu adawa da farkisanci wadda Benedetto Croce ya rubuta. Gwamnati ta fara janye shi daga muƙamai, kuma a 1927 aka ba Guglielmo Marconi shugabancin Majalisar Bincike da shi ya kafa.

A 1931 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane farfesa rantsuwar biyayya ga sarki da kuma gwamnatin farkisanci. Yawancin malamai sun rantse, har da masu adawa da gwamnatin a zuci. Wasu don tsoron rasa abinci, wasu kuma don kada su bar kujerunsu da ɗalibansu a hannun 'yan jam'iyya. Cikin farfesoshi sama da 1,200, mutum 12 ne aka sani sun ƙi. Volterra, wanda ya haura shekara 70, ya aika wa shugaban jami'a gajeriyar wasiƙa a watan Nuwamba yana sanar da shi cewa ba zai yi rantsuwar ba, domin kowa ya san matsayinsa na siyasa. Cikin waɗanda suka ƙi tare da shi a Roma akwai Giorgio Levi Della Vida, masanin Larabci da tarihin Musulunci, da Gaetano De Sanctis, masanin tarihin zamanin da. An sallame shi daga jami'a, sannan a 1934 aka cire shi daga majalisun masana na Italiya saboda ya sake ƙin irin wannan rantsuwa.

Bayan haka ya riƙa yin dogon zama a ƙasashen waje, musamman Paris, yana lacca yana rubutu. A 1936 ya fitar da littafi a kan fankshinal tare da ɗalibinsa Joseph Pérès. A shekarar ce Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin majalisar kimiyya ta fadarsa. Dokokin wariyar jinsi na 1938 sun kori Yahudawa daga makarantu da aikin gwamnati, suka shafi 'ya'yansa maza da ke koyarwa. Ya rasu a gidansa da ke Roma ranar 11 ga Oktoba, 1940, yana da shekara 80, aka binne shi a Ariccia, wani ƙaramin gari kusa da Roma inda yake da gidan hutawa. Hukumomin ƙasarsa ba su yi masa wata karramawa ba. Majalisar kimiyya ta fadar Paparoma ce ta yi zaman tunawa da shi, Royal Society kuma ta wallafa tarihin rayuwarsa da Edmund Whittaker ya rubuta.

Iyali

A 1900 Volterra ya auri Virginia Almagià, 'yar injiniyan nan Edoardo da ya taimake shi yana yaro. Sun haifi 'ya'ya shida, huɗu suka rayu har girma. Edoardo Volterra ya zama masanin dokokin Rumawa, ya shiga gwagwarmayar yaƙi da farkisanci, kuma ya shugabanci Jami'ar Bologna bayan yaƙi. Enrico Volterra ya zama farfesan injiniya a Amurka.

Tasirinsa a fannin injiniya

Norbert Wiener na cibiyar MIT ne ya fara amfani da jerin Volterra a kan na'ura. A wani rahoto na 1942, lokacin da ake aikin na'urar rada, ya lissafa yadda da'irar lantarki marar bin miƙaƙƙen layi take amsa hayaniya. A littafinsa na 1958 ya sake tsara jerin ta yadda sassansa ba sa shiga cikin juna idan abin da aka saka wa tsarin farar hayaniya ce, wato sigina marar tsari da ta ƙunshi kowane irin amo daidai wa daida. Hikimar ita ce irin wannan sigina tana taɓa tsarin ta kowace fuska, don haka amsarsa tana tona halinsa duka. A 1965 Yuk-Wing Lee da Martin Schetzen suka nuna yadda za a ciro ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta hanyar gwama abin da ya shiga da abin da ya fita. Daga nan fagen gano halin tsarin da ba ya bin miƙaƙƙen layi ya samu hanyar aiki.

A 1967 aka yi amfani da jerin a ɗakunan bincike na Bell wajen lissafa yadda taransista ke ɓata sigina. A yau ana amfani da taƙaitattun nau'o'insa a turakun sadarwar wayar salula. Amfilifayar da ke ƙarfafa sigina ta fi tattalin wuta idan tana aiki kusa da ƙurewarta, amma a nan ne take ɓata siginar, har ta watsu zuwa tashoshin maƙwabta. Injiniyoyi sukan auna halin amfilifayar, su gina kwatancenta na lissafi, sannan su karkata siginar da gangan kafin ta shiga, ta yadda ɓatawar da za ta yi za ta miƙar da ita. Ana bin irin wannan dabara wajen gyara muryar lasifika da kuma siginar da ke bi ta tauraron ɗan'adam.

Babbar matsalar hanyar ita ce yawan lambobin da sai an auna. Idan tsari yana tuna matakai 100 da suka wuce, ƙwaya ta farko tana da lambobi 100, ta biyu 5,050, ta uku kuma 171,700. Shi ya sa ba kasafai ake wuce sashe na biyu ko na uku ba, ko kuma a nemi gajerun hanyoyin rubuta ƙwayoyin. Haka kuma jerin ba ya dacewa da tsarin da ke yin tsalle kwatsam ko wanda ba ya mantuwa. A 1985 Stephen Boyd da Leon Chua suka tabbatar da cewa yana aiki ga tsarin da tunawarsa ke dusashewa, sharaɗin da ya yi kama da wanda Volterra ya gindaya wa al'amura masu gado.

Tasirinsa a fannin lafiya

Masu nazarin aikin jiki sun karɓi hanyar domin gaɓoɓin jiki ba sa bin miƙaƙƙen layi, kuma ba a iya buɗe su a duba ciki suna cikin aiki. A shekarun 1960 Lawrence Stark da abokan aikinsa suka auna yadda ƙofar haske ta tsakiyar ido take tsukewa da buɗewa idan haske na sauyawa. A 1972 Panos Marmarelis da Ken-Ichi Naka suka yi amfani da farar hayaniya wajen gano halin jerin jijiyoyi a cikin idon tarwaɗa, kuma littafin da Panos da Vasilis Marmarelis suka fitar a 1978 ya yaɗa hanyar a tsakanin masu bincike. An yi amfani da ita wajen nazarin jijiyar ji, motsin tsoka, yadda ƙoda da ƙwaƙwalwa suke daidaita jinin da ke shigarsu idan hawan jini ya sauya, da dangantakar sukari da insulin a jini.

A ƙarshen shekarun 1990 Karl Friston da abokan aikinsa a Landan suka yi amfani da ƙwayoyin Volterra wajen fassara hoton aikin ƙwaƙwalwa, domin jinin da ke kwarara zuwa wani sashe ba ya amsa abubuwa biyu da suka zo a jere kamar jimillar amsoshi biyu. Theodore Berger da Vasilis Marmarelis na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, tare da masu bincike na Jami'ar Wake Forest, sun gina kwatancen lissafi irin na Volterra na sashen ƙwaƙwalwa mai adana tunani, kuma a 2011 suka ba da rahoton cewa na'urar da ke aiki da shi ta maido wa ɓeraye iya tunawa bayan an toshe aikin sashen da magani. A ɓangaren annoba kuma, asalin lissafin da William Kermack da Anderson McKendrick suka wallafa a 1927 yana da siffar lissafin tarawa na Volterra, saboda yawan masu kamuwa da cuta a yau ya dogara da yawan waɗanda suka kamu a kwanakin baya da kuma tsawon lokacin da kowannensu ya yi yana ɗauke da ita.

Karramawa

Sarki George na 5 na Birtaniya ya ba Volterra lambar girma a 1921, kuma jami'o'i da majalisun masana na ƙasashe da dama sun karrama shi tun yana raye. Bayan faɗuwar mulkin farkisanci, Accademia dei Lincei ta tattara ayyukansa na lissafi ta wallafa su a mujalladi biyar. An sa sunansa ga wani rami da ke bayan wata, da kuma tituna da makarantu a garuruwan Italiya, ciki har da Ancona inda aka haife shi.